Darasi na 14: Haƙƙin Yara, Daga Majalisar Ɗinkin Duniya Zuwa Zauren Mai Unguwa

Da yawa daga cikinku, musamman iyaye mata, kun san ranar awo. Uwa za ta goya ɗanta ta nufi asibiti, ko a cikin Daura, ko a Mai'aduwa, ko a Zango. Ma'aikaciyar lafiya ta ɗauko wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da ɗorawa da ja, ta naɗa shi a damtsen yaron. In ya tsaya a kore, sai hamdala. In ya faɗa a ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, to yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Sai a gwada ko zai iya ci, a ƙirga wa uwar 'yan ledojin abincin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda da yawa ke kira maganin tamowa, a ce mata ta dawo mako mai zuwa, kuma kada ta raba shi da yayyensa.

Wa ya kawo wannan 'yar leda hannun uwar? A Faransa aka ƙirƙiro abincin a 1996. A nan maƙwabta, a Maraɗi, duniya ta ga amfaninsa lokacin yunwar 2005, sa'ad da likitocin ƙungiyar MSF suka yi wa dubban yara magani da shi ba tare da an kwantar da mafi yawansu ba. Najeriya ta soma wannan tsari a 2009. Kuɗin sayen abincin, wani daga ƙasashen waje yake zuwa ta hannun asusun UNICEF, wani daga aljihun gwamnatin jiha. Albashin ma'aikaciyar na gwamnati ne. Wanda ke sa a yi shela mata su fito kuwa, mai unguwa ne. Kafin duk waɗannan su haɗu a kan yaro guda, sai da wasu mutane suka zauna, suka ja da juna, suka sa hannu a takarda, suka kuma bi sawun alkawarin har ya cika. Aikin waɗannan mutane shi ne darasinmu na yau, kuma za ku ga cewa ku ma kuna da wurin zama a cikinsu.

Inda maganar ta samo asali

Haƙƙin yaro ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da shi a babin aure da na ciyarwa da na riƙo: a raɗa wa yaro suna mai kyau, a tabbatar masa da nasabarsa, a shayar da shi shekara biyu, a ciyar da shi, a tufatar da shi, a ilmantar da shi, in maraya ne a tsare masa dukiyarsa har ya mallaki hankalin kansa. Abin da yake sabo shi ne gwamnatoci su ɗaure kansu a rubuce, a gaban sauran ƙasashe, cewa in iyaye sun gaza ko an zalunci yaro, nauyin ya hau kansu.

Wata mata 'yar Ingila mai suna Eglantyne Jebb, wadda ta kafa ƙungiyar Save the Children tare da ƙanwarta a 1919 don ciyar da yaran da yaƙin duniya na farko ya bari cikin yunwa, ita ce ta rubuta wata gajeriyar sanarwa ta haƙƙin yara da ƙasashe suka amince da ita a birnin Jeniba a 1924. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa UNICEF, a 1946. Amma babbar takardar da ake aiki da ita yau ita ce Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Tana da sashe 54, kuma ƙasashe 196 ne suka shige ta. Amurka ce kaɗai mambar Majalisar da ba ta tabbatar da ita ba. Najeriya ta tabbatar da ita a 1991. Ginshiƙanta huɗu ne: kada a nuna wa yaro bambanci, a fifita maslaharsa a duk hukuncin da ya shafe shi, a kare rayuwarsa da girmansa, a kuma saurari bakinsa gwargwadon hankalinsa.

Shugabannin Afirka sun ga akwai abubuwan da takardar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta taɓo ba, sai suka yi tasu a Adis Ababa a 1990, ta fara aiki a 1999, Najeriya ta shige ta a 2001. Ina so ku riƙe sashe biyu a cikinta. Sashe na 31 ya ce yaro ma yana da nauyi a kansa, na girmama iyaye da manya da taimaka musu. Wanda duk ya ce muku maganar haƙƙin yara hanya ce ta koya wa 'ya'ya raina iyaye, ku tambaye shi ko ya san da wannan sashe. Sashe na 29 kuma ya hana sa yara bara kowace iri ce. Za mu dawo kansa.

Sa hannu a waje bai isa ba

Sashe na 12 na Tsarin Mulkin Najeriya ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla da waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. An yi hakan a kan haƙƙin yara a 2003, zamanin Obasanjo. Sai dai sha'anin yara da iyali yana hannun jihohi, don haka dokar ta 2003 ba ta da iko a Sandamu ko Ɓaure sai Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta yi tata. Ba a samu wannan ba sai ƙarshen 2020, lokacin da majalisar ta amince da Dokar Kare Yara, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa mata hannu. Kano ma sai 2023.

Shekara 17 ke nan tsakanin Abuja da Katsina. Me ya jawo jinkirin? Akwai sakaci, ba shakka. Amma akwai kuma tambayoyi na gaskiya da malamai da iyaye suka yi a kan shekarun aure, da ɗaukar ɗan wani a mayar da shi naka har da gado, da iyakar tarbiyya da horo. Waɗanda suka ɗauka cewa za su kawo dokar Abuja a buga mata hatimi kawai, sun sha ƙasa a jihohin Arewa. Waɗanda suka ci nasara su ne masu haƙurin zama da malamai da alƙalan kotunan shari'a da sarakuna da 'yan majalisa, ana bin dokar sashe-sashe, ana ware abin da kowa ya yarda da shi, kuma shi ne mafi yawa, daga abin da ake saɓani a kai. Sun kuma samu abin dogaro daga cikin gida, domin Jami'ar Azhar ta Masar ta haɗa hannu da UNICEF ta fitar da littafi a kan kula da yara a Musulunci a 2005, a shekarar da ƙungiyar ƙasashen Musulmi ita ma ta amince da tata yarjejeniyar. Wannan shi ne fafutuka a aikace: yawan zirga-zirga, yawan sauraro, da sanin wanda maganarsa ke da nauyi a wajen wa.

Mu mutanen Daura ba sai an ba mu labarin abin da rashin kariya ke jawowa ba. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Sabon Garin Daura, suka fito da mutum 67, yara da manya, wasunsu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Labarin ya zaga duniya. Abin da ya fi ci mini rai a ciki shi ne, mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, domin ɗa ya kangare ko ya faɗa shaye-shaye, kuma ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Rufe irin wannan gida wajibi ne. Amma gwamnatin da ta rufe shi ba ta gama aikinta ba sai ta buɗe wurin da uwa za ta kai ɗanta a yi masa magani cikin mutunci. Doka ita ke ba ku bakin neman wannan.

Abin da shan inna ya koya wa kowa

In kuna son ganin yadda haɗin gwiwa ke rushewa da yadda ake sake gina shi, ku dubi tarihin rigakafin shan inna. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a kan gaba, suka dakatar da ɗigon saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba. Amma tsoron yana da tushe, domin mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a kan yara a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, wasu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Kano ba ta koma rigakafin ba sai tsakiyar 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma yaran da suka shanye a wannan tsakani suna nan a cikinmu, sun zama magidanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da gwamnatin tarayya suna da kuɗi da magani da motoci, amma ba su da yardar maigida. Sai a 2009, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko. Daga nan lamarin ya sauya. A masarauta irin ta Daura, mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure, magana kan taso daga fada ta sauka ga hakimai, daga su sai dagatai, sai masu unguwanni, waɗanda suka san kowane gida da wanda aka haifa a cikinsa jiya. Aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje, tun da namiji baƙo ba ya wuce zaure. Kun ga rubutun alli a jikin ƙofofi, kun ga tawada a ɗan ƙaramin yatsan yaro. Kuma da yake iyalai a nan rabi suna Najeriya rabi suna Nijar, ana ɗaurin aure a Damagaram a yi suna a Daura, ana cin kasuwar Mai'aduwa tare, dole aka riƙa ajiye masu ɗigo a kan iyaka irin ta Kwangwalam, ana daidaita ranakun rigakafi tsakanin ƙasashen biyu.

Iyaye ma sun koya wa manyan darasi. Sun yi ta cewa: kuna bin mu har ɗaka da ɗigon shan inna kyauta, amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro muka je asibiti, sai a rubuta mana mu saya. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ya sa daga baya aka riƙa haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da ba da magunguna. An ga ƙwayar cutar ta asali ta ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Akwai sauran wani nau'i da ke ɓulla inda yara ba su samu cikakken rigakafi ba, shi ya sa har yanzu ake zagayowa.

Wa ke biya?

Nan ne ya kamata ku buɗe ido sosai. Kuɗin da ake yi wa yara aiki da su ba iri ɗaya ba ne.

Akwai namu na kanmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Gwamnatin tarayya na ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarta, amma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihohi da dama sun sha barin nasu a Abuja shekara da shekaru saboda ba su ajiye ba, alhali yara na zaune a ƙasa.

Akwai kyauta. Daga 2012 zuwa 2022 Birtaniya ta ba da kuɗi, UNICEF da gwamnatocin jihohi shida, har da Katsina, suka gudanar da zango na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata. UNICEF ta ce ƙarin yara mata miliyan ɗaya da rabi ne suka shiga makaranta ta dalilinsa. A ƙarƙashinsa aka ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata, aka kuma yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, wanda ya koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa kafin a ɗora musu Turanci. A ganina wannan na cikin mafi alherin abin da shirin ya bari, domin yaron da ya iya karanta harshen da yake mafarki da shi, sauran karatu ba ya gagararsa.

Akwai kuma bashi. Shirin AGILE na 'yan mata 'yan sakandare, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, rance ne. Yaran da ke zaune a azuzuwan da aka gyara da shi suna cikin waɗanda za su biya. Saboda haka in kun ga an yi rufin da iskar farkon damina ta yaye, ba alfarma kuke nema ba in kun yi magana.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma 2025 ta nuna mana haka. Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, wasu ƙasashen Turai suka rage nasu. A tsakiyar shekarar MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida kacal. Ƙwararren ma'aikacin haɗin gwiwa, tun ranar da aka buɗe shiri yake tambayar wanda zai riƙe shi in baƙi sun tafi, kuma ba ya hutawa sai ya ga layin aikin a cikin kasafin kuɗin jiha, sannan ya ga an saki kuɗin, domin rubutawa daban, sakewa daban.

Hanyar da kuka ke bi ya hau sama

Ƙasar da ta shiga yarjejeniyar 1989 tilas ta riƙa kai rahoto lokaci-lokaci gaban wani kwamiti na masana 18 a Jeniba, ƙungiyoyin sa-kai kuma su kai nasu rahoton dabam, don kada a ji bakin gwamnati kaɗai. Afirka ma tana da nata kwamitin mai mutum 11, wanda har ƙara ake kai masa. A 2014 ya yanke hukunci a kan Senigal game da almajiran da ake turawa bara a titunan biranenta. Ba karatun allo ya hukunta ba. Gwamnati ya kama da laifin zuba ido, bisa sashe na 29 da na ambata da wasu sassan. Waɗannan kwamitoci ba su da 'yan sanda. Ƙarfinsu shi ne babu gwamnatin da ke son a karanta gazawarta a gaban tsararrakinta.

Hukuncin Senigal ya shafe mu kai tsaye. Mun ga yadda aka yi ta lodin almajirai a manyan motoci a 2020, lokacin korona, ana mayar da su jihohinsu ba tare da shirin abin da za su tarar ba. A watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Hukuma kuwa ba ta san yawan yaran da ke kwana a tsangayar unguwarku ba, ko suna da makewayi, ko wane uba ne ya kawo ɗansa shekara uku bai aiko da ko mudun gero ba. Alaramma ya sani, ku ma kun sani.

Naku aikin

Masu wannan aiki a ofishin UNICEF na Kano, wanda ke kula da Kano da Jigawa da Katsina, ko a ma'aikatun jiha, abin da suka fi buƙata shi ne gaskiyar abin da ke ƙasa, kuma a hannunku take. Ƙofofin da ke kusa da ku su ne kwamitin kula da makaranta, kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, kansila, ɗan majalisar jiha, da zauren mai unguwa ko dagaci.

Yadda ake kai magana yana da muhimmanci. A ce mata uku daga wannan aji sun je gaban dagaci, sun durƙusa sun yi gaisuwa. Babbarsu ta ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan makarantar firamare. Mun bi gida-gida mun ƙirga, 'yan mata 23 ne suka daina zuwa bana. Mun tambayi iyayensu, mafi yawa sun ce babu makewayi, kuma babu malama ko ɗaya. Ga sunayen gidajen a rubuce." Dagaci ya karɓa ya duba, ya ce, "Madalla, Hajiya. Wannan ita ce maganar da zan iya ɗauka in kai gaban Hakimi." Da sun ce masa kawai makaranta ta lalace, da sai ya ce Allah ya kyauta, su tashi. Sun zo da lissafi, da dalili, da buƙata guda ɗaya da za a iya biya, sun kuma bar kwafe a hannunsu don su dawo bayan wata guda su tambaya. Ko a Jeniba ma haka ake yi. Ku lura kuma, ba a bayyana sunan yaron da aka ci zarafinsa a bainar jama'a. Irin wannan magana a asirce ake kai ta ga jami'in jin daɗin jama'a ko 'yan sanda, bayan an fara kai yaron asibiti.

Ga aikin da za ku zo da shi mako mai zuwa. Sashe na 7 na yarjejeniyar 1989 ya ce a yi wa kowane yaro rajista da zarar an haife shi, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa. Yaron da ba shi da ita, ba ya cikin lissafin masu raba azuzuwa da alluran rigakafi. Kowa ya rubuta da hannunsa sunayen yaran gidansa 'yan ƙasa da shekara 18, har da na riƙo da almajiran da ke cin abinci a gidan, ya sa alama a gaban duk wanda ba shi da takardar. Za mu haɗa jimillar a allo, mu zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su kai wa mai unguwa da jami'in rajista. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna, ya zo da sunayen a ka, za mu rubuta tare.